Gudu da Ɗaga Ƙarfe a Jiki Ɗaya: Jagora ga Masu Motsa Jiki a Kudancin Kano

Daga Bebeji zuwa Kiru, daga Tudun Wada har Doguwa, samarin da ke motsa jiki sun rabu gida biyu. Akwai 'yan ɗaga ƙarfe, waɗanda za ka tarar da yamma a bayan shagon walda ko cikin wani kango, sun tuɓe riguna sun kewaye benci ɗaya, ƙirji da damtse kaɗai ake yi wa hidima. Akwai kuma masu gudu, yawancinsu 'yan ƙwallo da masu jiran a buɗe ɗaukar soja ko ɗan sanda, waɗanda ke bin titi da an sallame asuba. Na farko in ya buga ƙwallo minti ashirin sai ka gan shi dafe da gwiwa yana haki. Na biyu in aka ce ya ɗora buhun taki a amalanke, ƙugu ya ce bai san zancen ba.

In kuma wani ya farga ya ce zai haɗa biyun, sai ya haɗa su a baibai: dogon gudu da safe, nauyi a kafaɗa da yamma, kullum ta Allah, ba ranar hutu. Kafin wata ya zagayo ƙwauri ya fara zugi, nauyin da yake ɗagawa ya ragu, sai ya yanke hukunci cewa gudu yana cin ƙwanji. Na daɗe ina horar da samari a filayen makaranta a wannan yanki, kurakuran nan kuma ba sa sauya kama, masu yin su ne ke sauyawa.

Zancen gudu yana cin ƙwanji yana da tushe, amma an yi masa ƙari. A 1980 wani masani a Amurka, Robert Hickson, ya raba mutane kashi uku na tsawon mako goma: wasu ƙarfe zalla, wasu gudu da keke zalla, wasu duka biyun. Masu haɗawar sun jera da 'yan ƙarfe har wajen mako na bakwai, daga nan ƙarfin ƙafarsu ya tsaya, a makonni biyu na ƙarshe ma ya ja baya. Sai dai a dubi abin da ya jibga musu: ƙarfe kwana biyar a mako, gudu da keke mai tsanani kwana shida. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa in an rage lodin an ba da tazara, tsoka tana girma, numfashi ma yana gyaruwa. Ai dawa da wake suna zama gona ɗaya kowa ya yi albarka, muddin manomi ya san wanda zai riga shiga ƙasa da tazarar da zai bari. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a ƙa'idojinta na 2020, biyun ta haɗa wa kowane baligi: minti 150 zuwa 300 a mako na motsi mai sa numfashi ya ɗan tashi, ko rabin haka in mai tsanani ne, da aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu.

Kayan aiki

Ba sai ka je gidan motsa jiki irin na cikin birnin Kano ba. Abu na farko shi ne nauyin da ka san kilonsa. Jarka ta fi komai sauƙi, domin litar ruwa ɗaya kilo ɗaya ce: jarka mai lita 25 in ta cika kilo 25 ke nan, kuma kana iya ragewa ko ƙarawa da moɗa. Masu zuba kankare a gwangwanin fenti su sani cewa gwangwani mai lita 4 yana ba da kimanin kilo 9. Ka sa mai walda ya liƙa guntayen rodi a bakin bututun don siminti ya samu abin kamawa, ka yi ta yayyafa masa ruwa kwana bakwai kafin ka taɓa shi, sannan ka kai wa masu sikeli a kasuwa su auna maka. Ka tabbata gefe biyun sun yi daidai. Na sha ganin yaro kwance a benci, hannun dama ya miƙe sarai, na hagu yana rawa a rabin hanya, kafaɗa ta karkace, abokai suna ihun "ƙara ɗaya!", alhali laifin na gwangwanin da ya fi ɗan'uwansa kilo biyu ne.

Sai kambas mai lafiyayyen ƙasa. Na gwanjo ma ya isa, in ka juya shi ka ga diddigen bai cinye ta gefe ɗaya ba. Silifas ba takalmin gudu ba ne. Sai bututu ko reshe mai ƙwari da za ka rataya a jiki, igiyar tsalle, keke in akwai, agogo ko waya, da ƙaramin littafi da biro. Na ƙarshe abokin horo, wanda ba a kwanciya ƙarƙashin ƙarfe in ba ya tsaye a ka. Ƙarfen da ya kufce a benci a wuya yake sauka.

1. Fara da sanin lafiyarka

Ka je a auna maka jini kafin ka fara, musamman in ka haura arba'in ko akwai hawan jini a gidanku, don ɗaga nauyi yana cilla jini sama na ɗan lokaci. Mai sikila, mai asma, mai ciwon suga da mai ciwon zuciya su nemi shawarar likita tukuna. Wanda ke da kumburi a matsematsi ko a cibiya, mai fitowa in ya yi tari ko nishi, kada ya ɗaga komai sai an duba shi. Ƙaba ba ta warkewa da atisaye, ƙaruwa take yi.

2. Zaɓi wanda zai shiga gaba

A nan yawanci ake ɓata rawar. Ƙafa biyu gare ka, su ke gudu, su ke ɗaukar nauyi, kuma hutun dare ɗaya suke samu. Don haka na tsawon wata biyu ko uku, ka ware ɗaya ya zama babban aiki, ɗayan ya zama mai tallafi. In kana shirin tantancewar soja da fatan shiga Daffo a Zariya, ko kana buga ƙwallo, gudu ne a gaba: kwana uku ko huɗu, ƙarfe kwana biyu gajeru. In jiki kake son ginawa, ƙarfe kwana uku, sassarfa ko keke kwana biyu. In teɓa kake son ragewa ko lafiya kawai kake nema, biyu da biyu ya wadatar, ka ƙara da yawan tafiya a ƙafa. Babban aikin shi ke samun ranar da jikinka ya fi hutawa, shi kuma ba a fasawa in mako ya matse.

3. Koyi motsi biyar, ka bar sauran tukuna

Kowane zama ka soma da ɗumama jiki na minti biyar zuwa goma: tafiya da sauri, tsallen igiya kaɗan, juya kafaɗa da ƙugu, sannan ka gwada motsin da nauyi marar yawa. Tsoka mai sanyi ita ke saurin yagewa.

Na ɗaya, tsuguna-tashi. Rungumi jarka a ƙirji, ware ƙafa faɗin kafaɗa, ka sauka har cinya ta kwanta, ka miƙe. Diddige ya zauna daram a ƙasa, gwiwa ta bi inda yatsun ƙafa suka dosa, kada ta faɗo ciki. Mu da muka saba tsuguno tun yarinta wannan ba ya ba mu wuya, amma da nauyi a hannu kada ka sake jiki a ƙasa, ka riƙe cikinka a ɗaure.

Na biyu, ɗauko nauyi daga ƙasa, wanda shi ne ya fi jikkata mutane kuma shi ya fi amfani a rayuwa. Tura ɗuwawu baya, lanƙwasa gwiwa kaɗan, gadon baya a miƙe, nauyin yana gogar ƙwauri, sannan ka taka ƙasa da ƙarfi ka tashi. Da zarar baya ya gantsare ko ya yi doro, nauyin ya bar cinya da ɗuwawu ya koma kan ƙashin baya. Sa abokinka ya ɗora maka sanda daga ƙeya zuwa ƙugu ka sunkuya. In sandar ta rabu da jiki, ba ka kai ga ƙara nauyi ba.

Na uku turawa: firesof, ko benci, ko tura nauyi sama da kai. Na huɗu jawowa: rataya a bututu ka ja jikinka har haɓa ta wuce shi, ko ka dafa benci ka jawo jarka zuwa haƙarƙari. Yawan turawa ya zo daidai da yawan jawowa, in ba haka ba kafaɗu su rinjayo gaba, ciwo ya biyo baya. Na biyar ɗauka da tafiya: jarka a kowane hannu, taku arba'in, a miƙe ba tangaɗi.

Kowane jeri da ka yi ka huta turmi ɗaya ke nan, irin lissafin 'yan dambe. Yi turmi uku na kowane motsi, sau 8 zuwa 12, da hutun minti ɗaya da rabi zuwa biyu a tsakani. Tsaya alhali kana jin za ka iya ƙara biyu. Wanda ke yi sai ya faɗi, gobe ba shi da ƙafar gudu. Fitar da numfashi yayin da kake ɗagawa, kada ka kulle shi har jijiyoyin wuya su miƙe.

Wani yaro da na matsa wa kan tsuguna-tashi ya ce, "Haba Malam, ai ƙafa wando ne ke rufe ta." Na ce, "Ƙanena, ranar tantancewa a gajeren wando za a jera ku." Manyan tsokokin jiki a cinya da ɗuwawu da baya suke, su ne kuma ke tsare gwiwar mai gudu.

4. Raba gudu kashi biyu

Kashi na farko sassarfa ce mai sauƙi, ita ce kuma mafi yawa. Ma'auninta a bakinka yake: in kana iya hira da na kusa da kai jimla bayan jimla, kana daidai, in kalma ɗaiɗai ke fita, ka yi sauri da yawa. Minti 30 zuwa 40 a haka shi ke ƙarfafa zuciya ba tare da ya karya ƙafa ba. Sabon shiga ya haɗa da tafiya: minti biyu sassarfa, minti biyu tafiya, har jiki ya saba.

Kashi na biyu gudun tsanani ne, sau ɗaya a mako: minti ɗaya da ƙarfi, minti biyu tafiya, sau shida. Zagaye uku na cikakken filin ƙwallo ya ɗan haura kilomita ɗaya, ga mai son lissafi. Mutanen Doguwa, musamman wajen Riruwai, Allah ya hore musu tudu: hau da gudu, sauko da tafiya, don gudun gangara shi ke dukan gwiwa ya bar cinya da tsami kwana uku.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne gudun tsaka-tsaki kullum. An fito rukuni, kowa ba ya son a bar shi a baya, sai sassarfa ta koma tsere. Bai kai tsananin da zai ƙara sauri ba, ya kuma wuce sauƙin da jiki zai murmure.

In ƙarfe ne a gabanka, keke ya fi maka gudu. Wani nazari da ya tattara bincike da dama a 2012 ya gano cewa gudu ya fi keke tauye ƙaruwar tsoka da ƙarfi, ana kuma danganta hakan da dukan ƙasa da ƙafa ke yi a kowane taku. Tuƙa keke zuwa gona ko kasuwar ƙauyen gaba, in an ɗan taka da himma, atisaye ne cikakke.

Wajen wuri kuwa, hanyar burji da filin makaranta sun fi kwalta tausayin ƙwauri. Babban titin Kano zuwa Zariya da wanda ya tashi daga Kwanar Dangora ya bi ta Tudun Wada zuwa Saminaka hanyoyin tirela ne. In dole sai ka bi su, kama hannun hagu ta yadda za ka fuskanci motar da ke tahowa, sa riga mai haske, cire abin sauraro daga kunne. Dajin Falgore ba wurin gudun asuba ba ne. Iyo atisaye ne mai kyau, amma Dam ɗin Tiga, wanda aka kammala a 1974, da magudanan da ke fita daga cikinsa ba a gina su don wanka ba: ga zurfi da jan ruwa, ga tsargiya da ake ɗauka a ruwan da dodon koɗi ke zaune.

5. Jera su a cikin mako

Mafi kyau kowanne ya samu ranarsa. In rana ɗaya za su haɗu, ka bar aƙalla awa shida a tsakani, abin da tsarin yininmu ya riga ya sauƙaƙa: gudu bayan asuba, ƙarfe bayan la'asar. In kuma zama ɗaya kake da shi, ƙarfe ne farko, sannan sassarfa ko keke na minti 15 zuwa 20. Dalili shi ne ƙafar da ta gaji da gudu tana iya ci gaba da jan jiki, amma ƙugun da ya gaji ba ya riƙe nauyi a miƙe, a nan ake samun targaɗe da ciwon baya. Mai shirin gwajin gudu ne kaɗai zai juya jerin, shi ma ya rage nauyin.

Ga misalin mako ga mai neman biyun daidai wa daida. Litinin ƙarfe, duka motsi biyar. Talata sassarfa. Laraba keke ko tafiya. Alhamis ƙarfe. Juma'a hutu. Asabar gudun tsanani. Lahadi hutu ko tattaki marar wahala. Lura da inda gudun tsanani ya zauna: kwana biyu bayan ƙarfen Alhamis, kwana biyu kafin na Litinin. Tsokar da aka wahalar tana buƙatar kimanin awa 48 ta gyara kanta, kuma a cikin gyaran ne take ƙaruwa.

Ƙwallon yamma gudun tsanani ne, ko da ba ka kira shi haka ba. In kun buga wasa da wata unguwa ranar Asabar, shi ke nan ka biya na makon.

6. Lissafa gona da yanayi

Tsare-tsaren da samari ke kwafowa daga YouTube da TikTok na mutanen da ke wuni a kujera ne. Kai da ka wuni kana huɗa, ko kana casar shinkafa, ko kana lodin buhunan masara, ka riga ka yi rabin aikin ƙugu da baya. Daga saukar damina zuwa ƙarshen girbi ka mayar da ƙarfe kwana ɗaya a mako, ka ajiye ɗauko nauyi daga ƙasa gaba ɗaya, ka riƙe turawa da ratayawa da ɗan keke. Ƙarfin da aka gina ba ya zubewa da wuri. Kaɗan ya isa ya tsare shi har kaka ta wuce. Rani shi ne lokacin ƙarawa.

Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, gudu na asuba ne kawai. Masu sa rigar leda ko rigar sanyi don su yi gumi su rage ƙiba ruwa suke zubarwa, da sun sha ya dawo, wani kuma a fili zai yanke jiki ya faɗi. A hunturu ka tsawaita ɗumama jiki, ranar da hazo ya yi kauri kuma ka koma igiya a cikin gida. A watan azumi ka rage komai da rabi: tafiya kaɗan dab da shan ruwa, ƙarfe bayan asham.

7. Ci, sha, barci

Mai haɗa aiki biyu ya fi mai aiki ɗaya bukatar abinci, kuma yawancin waɗanda suka ce gudu ya cinye musu ƙwanji yunwa ce ta cinye shi. Tuwo, shinkafa, dankali da fura su ke ba da ƙarfin aikin, kada ka guje su. Na ginin tsoka kuwa, masana na cewa kimanin gram 1.6 na furotin a kan kowane kilo na nauyin jiki ya isa, wato wajen gram 95 a rana ga mai kilo 60. Ƙwai ɗaya gram 6 ne. Gram 100 na busasshen wake ya haura gram 20, gyaɗa wajen 25, waken suya wajen 36. Ƙosai da safe, shinkafa da wake da rana, awara ko ƙuliƙuli da yamma, kindirmo, kifin Tiga in ya samu: ka isa inda ake so ba tare da garin gwangwani mai tsada ba. Ka rarraba shi cikin yini.

Sha ruwa kafin ka fita da bayan ka dawo, ka duba fitsari: in ya yi ja, ruwa bai isa ba. Ranar da gumi ya yi yawa, haɗa lita ɗaya ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Barci awa bakwai ko fiye. Wanda ya kai sha biyun dare a gidan kallon ƙwallo ya fasa gudun asubar ya fi masa.

Sai ƙwaya. Tiramol ba ya ƙara ƙarfi, ciwo yake rufewa, sai ka ci gaba da taka ƙafar da ke neman tsagewa. Yana kama mutum, yana kuma jawo jijjiga. Magungunan ƙiba irin su sha-ka-fashe, waɗanda ke ɗauke da deksametazon, fuska da ciki suke kumburawa, tsokar hannu da ƙafa kuwa ramar da ita suke yi, ga tayar da suga da jini.

Mata ma wannan tsari nasu ne. Igiya, jarka mai lita 10 da tsakar gida sun isa. Tsoron yin ƙwanji irin na maza ba shi da wuri, halittar jikin ba ɗaya ba ce. Mai ciki da mai jego su tambaya a wurin awo. Dattawa kuwa sun fi samari bukatar ƙarfen, domin tsoka raguwa take yi da shekaru. Tashi daga kujera a zauna sau goma ba tare da dafa gwiwa ba mafari ne mai kyau.

8. Ƙara a hankali, ka san lokacin tsayawa

Rubuta abin da ka yi kowace rana. Ranar da ka cika sau 12 a duk turmi uku, ƙara lita ɗaya ko biyu a jarka. Gudu kuma ƙarin minti biyar a mako ya isa. Kada ka ƙara wa biyun a mako ɗaya, don in ciwo ya zo ba za ka san mai laifi ba. Bayan kowane mako huɗu ko biyar, yi mako guda na rabin aiki.

Da ka farka, kafin ka tashi, ɗora yatsu biyu a wuyan hannu ka ƙirga bugu na daƙiƙa 15, ka ninka sau huɗu. In ya haura yadda ka saba da kamar goma kwana biyu ko uku a jere, ga kasala ga rashin barci, jiki bai gama biyan bashi ba, ko zazzaɓi na tafe. Kada ka yi atisaye da zazzaɓi a jiki.

Tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu, ko'ina a tsoka, ba komai ba ne. Ciwon da za ka iya nunawa da yatsa ɗaya a kan ƙashin ƙwauri, wanda ke ƙaruwa in ka taka, yana iya zama tsagewar ƙashi: ajiye gudu, koma keke, je a duba. Ciwon ƙirji, jiri, ko numfashin da ya ƙi dawowa bayan ka tsaya, na asibiti ne a ranar. Haka ma in bayan wani horo mai tsanani, irin tsallen kwaɗo ɗari da ake sa sababbin shiga, cinya ta kumbura ta sandare kuma fitsari ya koma kalar baƙin shayi. Tsoka ce ta farfashe tana zuba cikin jini, tana iya toshe ƙoda. Kada a tsaya jiƙo ko maganin kemis. A ba mai ciwon ruwa a kama hanyar asibiti mafi kusa, a kuma gaya wa likita irin atisayen da ya yi da ranar da ya yi shi.